Wata tara a gida: Abin da korona ta yi wa zukatan yayyenku na jami'a

 

A makon nan za mu waiwayi shekarar 2020. A lokacin wasunku suna firamare, wasu kuma ba su daɗe da shiga ƙaramar sakandare ba. Mai yiwuwa abin da kuke tunawa shi ne dogon hutu, da takunkumin rufe fuska, da wanke hannu a ƙofar shago, da darussan da ake yi a rediyo. To amma ga yayyenku da ke jami'a, shekarar ba hutu ba ce. Da yawansu cutar ba ta kama jikinsu ba, amma zaman da suka yi ya taɓa tunaninsu, ya taɓa barcinsu, ya kuma taɓa yadda suke kallon rayuwa. Mun ga ya dace mu tattauna wannan da ku saboda ku ne masu shiga jami'a gobe, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda abin ya faro

A ranar 27 ga Fabrairu, 2020 aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu da korona a Najeriya, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar ta zama annobar da ta game duniya. Ranar 19 ga watan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin rufe makarantu. Ɗaliban jami'a suka tattara 'yan kayansu suka nufi tasha. Da yawa sun bar katifa da bokiti da littattafai a ɗakunan kwana, don abin da aka faɗa da farko shi ne wata guda.

Sai wata matsala ta hau kan wata. Tun ranar 9 ga Maris ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin gargaɗi na mako biyu, ranar 23 ga watan kuma ta mayar da shi na sai abin da hali ya yi. Rigimar ta shafi kuɗin gudanar da jami'o'i da kuma tsarin biyan albashi na IPPIS. Ba a janye yajin ba sai ranar 23 ga Disamba, wato bayan wata tara cif. Jami'o'in gwamnati da dama ba su buɗe ba sai a farkon 2021.

A tsakanin nan aka kafa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja daga ranar 30 ga Maris. Kaduna ma ta shiga kulle, Kano ta bi baya a watan Afrilu. An rufe kasuwanni, an hana tafiye-tafiye tsakanin jihohi, an yi azumin shekarar cikin wani yanayi da ba a saba gani ba. Ku 'yan sakandare an ɗan sassauta muku: 'yan ajin ƙarshe sun koma makaranta a farkon Agusta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan. Ɗan jami'ar gwamnati kuwa yana gida yana kallon ƙannensa suna saka yunifom suna fita, shi ba shi da ranar komawa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan ɗaya da rabi a faɗin duniya. Bambancin shi ne namu ɗaliban sun haɗa annoba da yajin aiki a lokaci guda.

Me ya sa zaman gida ya yi nauyi?

Wani daga cikinku zai ce, "Mutum yana gidansu, yana ci yana sha, ba lakca ba jarrabawa, mene ne abin damuwa?" Tambaya ce mai kyau. Bari mu warware ta ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, rushewar tsarin yini. Makaranta ba karatu kaɗai take ba mutum ba. Ita ce ke tashin sa da safe, ta sa ya yi wanka ya fita, ya yi tafiya a ƙasa, ya haɗu da abokai, ya gaji, ya dawo ya yi barci. Da aka cire wannan, sai Litinin ta zama daidai da Asabar. Ɗalibai da yawa suka mayar da dare rana: a raba dare ana latsa waya, a wuni ana barci. Wanda barcinsa ya rikice kuwa, ba a jimawa yanayin zuciyarsa ma zai rikice.

Na biyu, rashin tabbas. Ɗan Adam yana iya jure wahala idan ya san ranar ƙarewarta. Ku duba yadda mai azumi yake jure ƙishirwa saboda ya san lokacin shan ruwa. Ɗaliban 2020 ba su da wannan. Yau a ji za a yi zama tsakanin gwamnati da malamai, gobe a ji an tashi baram-baram. Sa rai da yanke ƙauna suna ta karɓa-karɓa wata da watanni, kuma wannan yana gajiyar da zuciya fiye da mummunan labari guda ɗaya.

Na uku, lissafin shekaru. A ɗauki misalin ɗalibin da ya sha zaman jiran gurbin karatu kafin ya samu, ga shi yanzu yana ajin ƙarshe. Ya san cewa wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar ɗauke masa hidimar kawai za a ba shi. Ya kuma san cewa wasu ma'aikatu da bankuna suna ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka. Kowane wata da ya wuce, shi a wurinsa ƙofa ce take ƙara rufewa. Ga kuma abokinsa da ke jami'a mai zaman kanta, wadda yajin bai shafa ba, yana ci gaba da karatu ta intanet har ya wuce shi.

Na huɗu, aljihu. Iyaye da yawa sai sun fita suke samun abin da za a ci. Da aka rufe kasuwa, abinci ya yi ƙaranci a gidaje. Ɗalibin da ya saba neman na kansa a makaranta, ta hanyar aski ko buga takardu ko sayar da kati ko koyar da yara, ya rasa wannan hanyar. Ya dawo ƙarin baki a gidan da ake ƙirga loma, kuma yana jin nauyin hakan ko ba a faɗa masa ba. Wasu kuma kuɗin hayar ɗakin da suka biya a kusa da makaranta ya ƙare ba tare da sun kwana a ciki ba.

Na biyar, gidan kansa. Ba kowa ke da ɗaki nasa ba. Wanda ya saba da 'yancin jami'a ya dawo ɗaki guda da ƙanne huɗu ko biyar, ba wurin karatu, ba wurin kaɗaici. Ga ɗalibai mata, nauyin ya ninka: girki da wanki da raino sun dawo kansu, sannan ga maganar da ake ta maimaitawa, "Tunda makarantar ta ƙi buɗewa, ai gara ki fito da miji." Aure abin alheri ne, amma akwai bambanci tsakanin wadda ta shirya masa da wadda take jin cewa burin da ta yi shekaru tana ginawa yana shirin kuɓuce mata.

Na shida, rashi da tsoro. A Kano, cikin watan Afrilun shekarar, dattawa da dama sun rasu a 'yan makonni, cikinsu har da malaman jami'a. Wasu ɗalibai sun rasa mahaifi ko kaka ko malamin da ke duba kundin bincikensu, a lokacin da aka taƙaita taruwa, ba a samu zaman ta'aziyya irin wanda aka saba ba. A al'adarmu, cikar gida da 'yan gaisuwa wani magani ne ga wanda aka yi wa rasuwa. Annobar ta rage ma wannan.

Na bakwai, waya. Ita ce ta zama tagar da ake leƙen duniya, amma ta wannan tagar jita-jita take shigowa. A WhatsApp da Facebook yau a ce cutar ƙarya ce, gobe a turo hoton gawawwaki, jibi a ce ga maganin da ke kashe ta nan take. Wanda ya wuni yana haɗiyar irin waɗannan, zuciyarsa ba ta samun sukuni. Karatun intanet ɗin da ake ta magana kuwa, yana buƙatar data da caji da sabis mai ƙarfi, abubuwan da ɗalibin ƙauye da ɗan talakan birni ba su da tabbacinsu.

Me ke faruwa a cikin jiki?

Ku da kuke karanta ilimin halittu kun san cewa jiki yana da tsarin kare kansa. Idan kare ya biyo ka, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya ƙaru, tsoka ta ɗaure, ka sheƙa da gudu. Da ka tsira, komai ya koma daidai. Wannan tsari an yi shi ne domin haɗari na ɗan lokaci.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa tana kunna wannan tsarin ko da haɗarin tunani ne kawai. Idan mutum ya yi wata shida yana tunanin makomarsa, kamar injin da aka bari a kunne ne ba a kashe shi ba. Daga nan sai ciwon kai, da ciwon wuya da kafaɗa, da ɓacin ciki, da rashin barci, da mantuwa, da saurin fushi. Shi ya sa za ku ga mutum yana ta shan maganin zazzaɓi da na gyambon ciki, alhali tushen abin yana wani wuri dabam.

A nan ya kamata mu bambanta abubuwa uku.

Akwai ɓacin rai na yau da kullum. Ka faɗi jarrabawa, ko an yi maka faɗa, ko kun saɓa da aboki. Ranka zai ɓaci kwana ɗaya ko biyu, sannan ya wuce. Wannan ba ciwo ba ne, rayuwa ce.

Akwai ciwon fargaba. Mai shi yana cikin zullumi kusan kullum, yana hango mummunan abu ko da babu dalili, ya kasa tsayar da tunaninsa. Wani lokaci abin yakan taso masa farat ɗaya: ƙirji ya riƙa dukan uku-uku, gumi ya keto, numfashi ya yi wuya, har ya zaci mutuwa ce ta zo.

Akwai kuma ciwon tsananin damuwa. Likitoci suna duba ko mutum ya yi aƙalla mako biyu yana cikin baƙin ciki kusan kowace rana, ko ya daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta masa. Mai son ƙwallo ya daina kallo, mai son hira ta daina fita tsakar gida. Sauran alamomin sun haɗa da canjin barci, da canjin cin abinci, da kasala, da kasa mayar da hankali, da ganin kai ba shi da amfani, da tunanin gara mutuwa.

A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa a shekarar farko ta annobar, yawan masu fama da fargaba da tsananin damuwa ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Hukumar ta kuma daɗe tana faɗin wasu abubuwa biyu da suka shafe ku kai tsaye: ɗaya cikin kowane bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsala ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna farawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ku ƙirga 'yan ajinku, ku raba da bakwai. Maganar ba ta 'yan jami'a kaɗai ba ce.

Abin da ya rufe bakin mutane

Da a ce duk wanda ya shiga wannan hali ya yi magana, da an taimaki da yawa tun da wuri. Amma abubuwa uku sun sha gabansu.

Na ɗaya, kunya da tsoron suna. A wurin mutane da yawa, da an ambaci ƙwaƙwalwa sai tunaninsu ya tafi kan mai yawo a bola. Ba wanda yake so a ce da shi mahaukaci, ba kuma iyayen da suke so a ce akwai abin a danginsu, musamman idan ana maganar aure. Saurayi kuma an rene shi a kan cewa namiji ba ya kuka. Sai ya haɗiye, abin yana cin sa a ciki.

Na biyu, fassara abin da wani abu dabam. Wani a ce masa lalaci ne, wata a ce mata iskokai ne ko sammu, wani kuma a ce ƙarancin tawakkali ne. Addu'a da dogaro ga Allah ginshiƙi ne ga mai imani, kuma suna sanyaya zuciya. Sai dai wanda ya karye a ƙafa yana addu'a ne kuma yana zuwa wurin ɗori, ba a ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce kamar ƙafa, tana rashin lafiya, tana kuma warkewa.

Na uku, ƙarancin masu duba mutane. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200, kuma galibinsu a manyan birane suke. Ofisoshin ba da shawara da asibitocin cikin jami'a, waɗanda su ne mafi kusa da ɗalibi, sun yi masa nisa da zarar ya koma gida.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Inda aka rasa mai saurare, ƙwaya takan samu ƙofa. Tun kafin annobar, wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa a ƙasar nan mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda. A 2018 ne ma gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Wanda ya sha tiramol ko wiwi don ya manta da damuwarsa yakan samu sauƙi na 'yan sa'o'i, in ta sake shi damuwar tana nan, ga kuma sabuwar matsala ta ƙaru a kanta. Cacar ƙwallo ta waya ma haka take: ana shiga da fatan samun na data, a fito da bashi.

Abin da ya riƙe waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu

Ba kowa ne ya durƙushe ba. Idan muka duba waɗanda suka fita daga shekarar da sauƙi, za mu ga abubuwan da suka riƙe ba masu tsada ba ne.

Sun ƙirƙira wa kansu jadawali. Lokacin tashi sananne, lokacin kwanciya sananne, sa'a biyu ta karatu ko da ba jarrabawa a gaba, da wani aiki na gida da suka ɗauka a matsayin nasu. Masu kiyaye salloli biyar a kan lokaci sun samu ginshiƙan da suka rarraba musu yini.

Sun sa hannu a wani abu. Bayan an sassauta kulle, wasu sun koyi ɗinki, har suka riƙa ɗinka takunkumi suna sayarwa. Wasu sun koyi gyaran waya, ko yin cincin da kek, ko haɗa sabulun ruwa. Wasu sun bi iyaye gona da damina, wasu sun tara yaran unguwa suna yi musu darasi. Ribar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Mutumin da ya kwanta da dare ya san yau ya gama wani abu, barcinsa dabam ne da na wanda ya yi zaman kashe wando.

Sun riƙe zumunci. Kiran aboki a ji muryarsa ya fi tura masa hoton dariya sau ɗari. 'Yan aji da suka kafa zauren karatu a waya, suna bitar darasi suna tambayar lafiyar juna, sun rage wa kansu kaɗaici.

Sun rage shan labarai. Sun zaɓi kafa ɗaya ko biyu da suka yarda da ita, su saurara sau ɗaya a rana, su rufe.

Sun kuma buɗe baki. Wanda ya ce wa mahaifiyarsa ko yayarsa ko malaminsa, "Ni fa ba na jin daidai," ya riga ya yi rabin tafiya.

Naku aikin tun daga yanzu

A ranar 5 ga Mayu, 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa korona ta daina zama matsalar gaggawa ta duniya. Amma abin da ke tsayar da karatu bai ƙare ba. A 2022 ma an sake yajin aiki na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ga ambaliya, ga rashin tsaro da ke sa a rufe makarantu a wasu yankunanmu, ga zaman jiran sakamakon JAMB da na gurbin karatu, wanda wasunku za su ɗanɗana ba da jimawa ba. Saboda haka ga abin da muke ba ku shawara.

Ku kare barcinku. 'Yan shekarunku suna buƙatar sa'a 8 zuwa 10 a dare. Kwana ana karatu da taimakon kofi ko lemon ƙara kuzari ba ƙwazo ba ne, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya. Ku ajiye waya kafin ku kwanta.

Ku motsa jiki. Abin da masana lafiya suka ba da shawara ga yara da matasa shi ne aƙalla minti 60 a rana. Ƙwallo, tsallen igiya, keke, ɗebo ruwa, tafiya makaranta a ƙasa, duk suna cikin lissafi.

Ku koyi sana'a ɗaya kafin ku gama sakandare. Ranar da makaranta ta tsaya, ita ce za ta riƙe muku yini da aljihu.

Ku san mutum biyu da za ku iya gaya wa damuwarku, aboki ɗaya da babba ɗaya. Ku zaɓe su tun yanzu da hankalinku yake kwance. Ran wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan fargaba ta taso, ku zauna, ku shaƙi numfashi ta hanci a hankali kuna ƙirga huɗu, ku fitar ta baki kuna ƙirga shida, ku maimaita na 'yan mintuna. Fitar da numfashi a hankali yana taimaka wa bugun zuciya ya lafa.

Idan abokinka ne fa?

Sau da yawa aboki ne yake fara lura kafin iyaye. Idan ka ga ɗan ajinku ya janye jiki, ya daina cin abinci, makinsa ya faɗi ba dalili, ko ƙawarki tana yawan kuka a ɓoye, to a same shi shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba. A ce, "Na ga kwana biyun nan ka canza, lafiya kuwa?" Sannan a yi shiru a saurara. Kada a ce masa, "Kai ma ka cika raki," ko "Wasu sun fi ka matsala." Kada kuma a kai sirrinsa dandali.

Amma akwai sirrin da ba a riƙewa. Idan aboki ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana maganar kashe kansa, ko yana raba kayansa yana ban kwana, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar shi shi kaɗai. A sanar da babba nan take: iyaye, ko malamin aji, ko malamin ba da shawara, ko shugaban makaranta. Ko da ya ce zai yi fushi da kai, gara ya yi fushi yana raye. Idan ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112. Idan kuma kai ne kake jin haka, wannan saƙon naka ne: ka gaya wa wani yau, ba gobe ba.

Ina ake zuwa? A fara da asibitin da ke kusa, likita zai duba ya tura mutum gaba idan da buƙata. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ba kowa ake ba gado ba, ba kuma kowa ake ba magani ba. Wani tattaunawa da ƙwararre ce take warkar da shi. Wanda aka ɗora a kan magani kuma kada ya daina sha sai da izinin likita. A watan Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi kare mutuncin masu wannan lalura da hana nuna musu wariya.

Aikin gida

Kamar yadda muka saba, ba za mu rabu ba sai da ɗan aiki. A makon nan kowannenku ya nemi wani yayansa ko yayarsa, ko maƙwabci, ko malami matashi da 2020 ta riska yana jami'a. Ku yi masa tambaya uku: Mene ne ya fi yi maka wuya a zaman nan? Mene ne ya taimake ka? Me kake so a ce ka sani tun kana sakandare? Ku rubuta amsoshin a littafinku, ku tattauna a kulob ɗinku na makaranta. Masu kulob ɗin muhawara ko na 'yan jarida kuma, ku tuna ranar 10 ga Oktoba ita ce Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya. Ku nemi izinin shugaban makaranta ku gayyato ma'aikacin lafiya ya yi wa ɗalibai bayani.

Mu ma muna jiran wasiƙunku a kan abin da kuka jiyo. Allah Ya ba mu lafiyar jiki da ta zuciya, Ya ba ku sa'ar karatu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.